Ba a fafe gora ranar tafiya: yadda ake tabbatar da kujerar jirgi da karɓar katin shiga

Saura kwana huɗu kawuna ya tashi zuwa Umara na je Daura yi masa sallama. Muna zaune a zaure bayan la'asar ya miƙo mani waya, cike da murna, ya ce in ga tikitinsa. Hoton takarda ce da ejan, wato dillalin tikiti, ya turo masa ta WhatsApp. Ga sunansa, ga ranar tafiya, ga lambar jirgi, har da tambarin kamfani a sama. Na duba sama na duba ƙasa, abu ɗaya na rasa.

"Kawu, kun biya kuɗin nan gaba ɗaya?"

"Tun cikin Sha'aban, ɗan nan. Ga ma rasit a aljihu."

"To, Allah ya ba ku haƙuri, wannan takardar ba ta zama tikiti ba tukuna."

Kujera ejan ya kama masa, bai kai ga biyan kamfanin jirgin ba, wa'adin riƙon kuma ya riga ya cika. Da ba a duba ba, sai a gaban kantar kamfanin jirgi a filin Kano za a gaya masa babu sunansa, ga 'yan rakiya cike da mota. An gyara daga baya, amma da ciko mai ciwo, domin kujerar azumi ba ta jiran kowa. Abin da ke tafe shi ne yadda nake bi tun daga ranar, ko tafiyar tawa ce ko ta wani dattijo a dangi.

Ranar da aka ba ka takarda: nemi lambobi biyu

Kama kujera daban, yankan tikiti daban. Idan an kama maka kujera, kwamfutar kamfani tana ba da wata lamba mai gurbi shida, haruffa gauraye da alƙaluma, wadda ma'aikata ke kira PNR. Wannan lambar tana fitowa ko ba a biya ko sisi ba, kuma tana da wa'adi. Wa'adi na cika, kujerar ta koma kasuwa.

Lamba ta biyu ita ce ta tikiti, alƙaluma 13 a jere. Uku na farko na kamfanin jirgin ne: 065 na Saudia, 071 na Ethiopian, 077 na EgyptAir, 157 na Qatar Airways. Ba ta fitowa sai an biya. Tun watan Yuni na 2008 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta daina amfani da tikitin takarda, don haka tikitinka na gaskiya yana cikin kwamfutar kamfani, takardar hannunka shaida ce kawai. Duk mai kwamfuta zai iya buga irinta.

A tafiyar cikin gida, wasu kamfanonin lambar mai gurbi shida kaɗai suke fitarwa a sarari. A nan sai ka nemi wurin da aka nuna an biya, da adadin kuɗin. Idan ejan ya ce "ai an gama komai, Alhaji", ka yi masa godiya, sannan ka ce ya turo lambar tikitin. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar.

Ka gani da idonka

Gani ya kori ji. Buɗe shafin intanet na kamfanin jirgin ko manhajarsa, ba na ejan ba. Ka rubuta adireshin da kanka, ko ka kwafe shi daga kan tikiti. Kada ka bi lambar waya ko mahaɗin da wani ya liƙa a Facebook da sunan ofishin kamfani, 'yan damfara sun daɗe da gane wannan ƙofar. A shafin za ka ga wurin da aka rubuta "Manage Booking" ko "My Trips". Abu biyu yake tambaya: lambar nan mai gurbi shida, da sunan ƙarshe.

Sunan ƙarshen nan yana ba mutanenmu wahala. Wani sunan mahaifinsa ne, wani na kakansa, wani kuma sunan garinsu ne, Daura ko Mashi ko Kankiya. Duba fasfonka, abin da aka sa a layin sunan iyali shi ake nufi. A kan tikiti shi ne ke zuwa farko, kafin 'yar sandar da ta raba sunayen.

Idan bayanan tafiyarka suka bayyana, kuma ka ga "Confirmed" ko "OK" a gefen kowane zango, kujera ta tabbata. Idan shafin ya ce bai san lambar ba, sake shigarwa a hankali, domin 1 da I, ko 5 da S, suna ruɗa ido a hoton da aka yi ta turawa. Ya ƙi sau uku, ɗauki waya ka kira ejan a ranar. Wanda ba ya hulɗa da babbar waya sai ya sa ɗa ko jika ya duba masa a gabansa, ko a je teburin kamfanin a filin jirgi a tambaya baki da baki.

Karanta takardar kamar mai karanta takardar filin gado

Fara da suna. Dole ya yi daidai da na fasfo, harafi da harafi. Muhammad, Mohammed da Muhammadu a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum uku ne. Haka Aisha da Aishatu, Usman da Usmanu, Abdullahi da Abdullah. Ejan da ya san ka zai iya rubuta sunan da ake kiranka da shi a unguwa, ko ya liƙa Alhaji ko Hajiya a matsayin suna. Matar da fasfonta ke ɗauke da sunan mahaifinta kada a yanka mata tikiti da sunan miji. Gyaran harafi ɗaya ko biyu yakan yiwu idan an nema da wuri, wani lokaci da ɗan kuɗi. Sauya suna gaba ɗaya kuwa galibin kamfanoni ba sa yi, sai sabon tikiti. Abu ɗaya da ba zai tayar maka da hankali ba: idan sunanka Sa'adu ne ko Mu'azu ka ga an rubuta SAADU ko MUAZU, babu laifi, kwamfutocin ne ba sa ɗaukar wannan alamar.

Sai lokaci, kuma a nan na fi so a nutsu. Jiragen sama da agogon awa 24 suke aiki: 06:30 na safe ne, 18:30 na yamma. Tarkon yana jiragen tsakar dare. Idan an rubuta 00:45 ranar 12 ga wata, to daren 11 ga wata za ka kasance a filin jirgi. Wanda ya bari sai daren 12 ya tarar jirgi ya kwana da tafiya. Mu kuma muna da namu lissafin da ke ƙara rikita abin, tunda idan dattijo ya ce daren Juma'a, daren Alhamis wayewar Juma'a yake nufi, yaron zamani kuma ya ɗauka daren da ke bin sallar Juma'a ne. Don haka a daina cewa daren kaza. A faɗi kwanan wata da awa, a ce "za mu bar gida ranar Alhamis bayan azahar", a rubuta a takarda.

Kowane lokaci da ke kan tikiti agogon garin da abin zai faru ne. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, Dubai da awa uku. Lokacin tashi daga Jidda da agogon Jidda aka rubuta shi.

Duba filin jirgi ma. Haruffa uku ne: DKA filin Umaru Musa 'Yar'adua na Katsina, KAN na Malam Aminu Kano, ABV Abuja, LOS Legas, JED Jidda, MED Madina. KAN da KAD harafi ɗaya ya raba su, amma na biyun Kaduna ne. Mai dawowa daga Legas ya tambaya tun da wuri ta wane gini jirginsa ke tashi, domin na cikin gida biyu ne, MMA2 da wanda ake kira GAT.

Na ƙarshe, nauyin kaya. Yana rubuce a tikiti, ko da kilo ko da adadin jaka. "2PC" na nufin jaka biyu, kuma a yawancin tafiyar waje kowace ba ta wuce kilo 23. Ba a haɗa su a jaka ɗaya mai kilo 46.

Saura kwana uku

A da ƙa'ida ce fasinja ya kira kamfani awa 72 kafin tashi ya sake tabbatar da kujerarsa, in bai yi ba a soke. Yawancin kamfanoni sun bar wannan, amma ni ban bari ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya bari. Jadawalin jiragen cikin gida yana motsi: na safe ya koma yamma, na yau a haɗe shi da na gobe. Filin Katsina kuma ba mai yawan jirage ba ne kamar na Abuja, inda in ka rasa wannan ka hau na bayansa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ga hazo, wanda kan hana jirgi sauka ko da matafiya sun cika ɗakin jira.

Sake shiga shafin, ka duba ko lokaci ya sauya. Sannan ka duba lambar waya da imel ɗin da ke cikin bayanan. Sau da yawa na ejan ne, saƙon sauyin lokaci ya tafi wayarsa yana can yana hidimar wasu. Ka sa a mayar da naka.

Wannan ne kuma lokacin faɗar buƙata ta musamman. Keken guragu ga tsohon da ba ya iya doguwar tafiya ana nemansa aƙalla awa 48 kafin tashi, kuma kyauta ne. Kada kunya ta hana, filin Jidda ba wurin gwada ƙarfin gwiwar Hajiya ba ne. Mai juna biyu da ta wuce mako 28 galibi ana neman takardar likita, bayan mako 36 kuma yawanci ba a ɗauka. Jaririn da bai kai shekara biyu ba a cinya yake tafiya, amma shi ma sai an yanka masa nasa tikitin.

Takardu: a cikin gida katin shaida mai hoto ya isa, na ɗan ƙasa, lasin tuƙi, katin zaɓe ko fasfo. Tafiyar waje sai fasfo da ya rage masa aƙalla wata shida, da biza, da katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Saudiyya tana neman rigakafin sanƙarau ga masu Hajji da Umara.

Maniyyatan Hajji ta hannun hukumar alhazai ta jiha nasu tsarin daban ne. Hukuma ce ke riƙe da jerin sunaye, ita ke kira sansani, a can ake tantancewa a raba takardu. Nasu aikin shi ne kunne a rediyo, waya a kunne, da amsa kira a kan lokaci.

Jajibiri: karɓi katin shiga tun kana gida

Abin da 'yan filin jirgi ke kira cekin shi ne ka sanar da kamfani cewa lallai kana tafe, su ba ka lambar kujera da katin shiga jirgi. Yawancin kamfanoni suna buɗe shi a intanet awa 24 kafin tashi, wasu awa 48. Amfaninsa ya wuce gudun layi. Kamfanonin jirgi sukan sayar da tikiti fiye da yawan kujeru, saboda sun san wasu ba za su zo ba. Ranar da kowa ya zo, wanda ya makara wajen cekin shi ya fi kusa da a bari a ƙasa.

Shiga shafin ko manhajar, danna "Check-in", sa lambar mai gurbi shida da sunan ƙarshe. Zaɓi sunayen masu tafiya. Idan tafiyar waje ce za a nemi lambar fasfo, ranar haihuwa da ranar ƙarewarsa. Buɗe fasfon a gabanka ka kwafa, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Za a nuna maka taswirar kujeru. A jirgi mai kujeru uku-uku, A da F su ne na taga, C da D na bakin hanya. Dattijo mai yawan zagayawa a ba shi bakin hanya. Kujerun ƙofar gaggawa suna da wurin miƙe ƙafa, amma ba a ba tsoho, ko mai ciki, ko mai goyo. Wasu kujerun na kuɗi ne, in ba ka so ka tsallake, za a ba ka wata kyauta. Ka amsa tambayoyin kayan haɗari, ka tabbatar, katin ya fito.

Sauke shi a waya, ka kuma ɗauki hoton fuskar wayar, don sabis yakan ɗauke daidai lokacin da ake buƙatarsa. In da hali a buga a takarda a shagon kwamfuta. Kada kuma zumuɗi ya sa ka ɗora katin a Facebook ko a WhatsApp kana neman addu'a. Zanen nan mai kama da ƙafar kaza yana ɗauke da sunanka da lambar nan mai gurbi shida, kuma da su biyun kaɗai wani zai iya shiga ya taɓa maka tafiya. A nemi addu'ar da baki.

Idan intanet ta ƙi ba ka katin, ba lallai matsala ba ce. A tafiyar waje sau da yawa so suke su ga biza da idonsu a kanta. Sai ka ƙara sammako.

Daren nan ne na awon kaya. In babu sikelin rataye, nemi irin wanda ake hawa a kemis: hau kai kaɗai, sake hawa rungume da jakar, ka cire na farko daga na biyu. Jakar hannu galibi kilo 7 ce. A cikinta ake sa fasfo, kuɗi, magungunan da ake sha kullum tare da takardar likita, da fawabank. Fawabank da batiran waya ba sa shiga jakar da za a sa a cikin jirgi ta ƙasa, saboda gobara. Mai ƙarfin 20,000mAh yana cikin iyakar da aka yarda. Wuƙa, almakashi, reza da ƙaramar askar yankan farce kuwa akasin haka, babbar jaka za su. A tafiyar waje duk abu mai ruwa a jakar hannu kada kwalbarsa ta wuce mililita 100, don haka zuma, man shanu da babbar kwalbar turare su bi babbar jaka, a ɗaure bakinsu da leda sosai. Mai zuwa Saudiyya ya bar goro a gida, hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta sha gargaɗi a kansa.

Ranar tafiya: lissafi daga baya

Fara daga lokacin tashi ka dawo baya. Awa biyu a filin jirgi ga tafiyar cikin gida, awa uku ga ta waje, in lokacin Umarar azumi ne ka ƙara. Kanta tana rufewa tun jirgi bai tashi ba, a cikin gida wajen minti 30 zuwa 45 kafin lokaci, a tafiyar waje awa guda. Ko kana hango jirgin a tsaye, in an rufe an rufe. Wanda ya yi cekin a waya ma, muddin yana da babbar jaka, wannan wa'adin ya hau kansa.

Sai ka ɗora hanya a kai. Daga Daura zuwa Katsina kusan kilomita 80 ne. Mai tashi ta Kano daga Daura zai bi ta Kazaure, daga Katsina kuma ta Kankiya da Bichi, sannan ga cunkoson shiga gari da shingayen bincike. Ni dai in jirgin Kano na safe ne, a Kano nake kwana. Motar haya da sai ta cika take tashi ba abin dogaro ba ce a irin wannan rana.

Mai hawa jirgin Katsina zuwa Abuja don ya kama na ƙasar waje ya lura: in tikiti biyu ne daban-daban, jinkirin na farko bai shafi kamfani na biyu ba, ba su da alhakin jiranka ko sauya maka kyauta. Ka tafi kwana ɗaya kafin ranar. Kuɗin masauki bai kai na sabon tikiti ba.

A gaban kanta

Miƙa katin shaida ko fasfo, ka faɗi inda za ka. Za a ɗora jaka a sikeli. In ta yi nauyi, ko ka rage ko ka biya, kuma ka biya a inda za a ba ka rasit. Shi ya sa yake da kyau ɗan rakiya ya dakata a waje har ka gama, ya koma gida da abin da aka rage.

Ma'aikaci zai liƙa wa kowace jaka doguwar takarda, ya ba ka ɗan guntunta. Tsaya a nan, kada na bayanka ya hanzarta ka. Karanta haruffa ukun da ke jiki, ka ga garin da za ka ne. Ƙirga guntayen: jaka biyu, guntu biyu. In ka ga uku, ka yi magana nan take da babbar murya, don duk jakar da aka liƙa wa sunanka kai za a tambaya a can. Saboda wannan dalilin ne ba a karɓar saƙon kowa a filin jirgi, komai furfurarsa, komai roƙonsa da Allah da Annabi. Saƙon 'yan uwa ma a gida ake kwance shi a gani. In za ka sauya jirgi a Adis Ababa ko Alƙahira, tambayi ma'aikacin ko kayan za su wuce kai tsaye, ka kuma karɓi katin zango na biyu.

A kan katin shiga akwai lambar ƙofa, lambar kujera, da lokacin fara shiga, wanda yake gaban lokacin tashi da kusan rabin awa ko fiye. Shi ne lokacin da za ka kiyaye. Daga nan sai binciken tsaro: waya, makulli, agogo da bel a cikin faranti, a kan ce a cire hula ko takalmi. Mata jami'ai mata ne ke duba su, mai niƙabi tana iya neman a kai ta gefe. Tafiyar waje akwai teburin shige da fice, kwastam, hukumar NDLEA da jami'an lafiya. Kuɗin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa dole a bayyana shi a takardar kwastam.

Ka yi alwala da salla da zarar ka shiga ɗakin jira, sannan ka zauna kusa da ƙofarka. Lasifika ba kullum ake jin ta da kyau ba, kuma lambar jirgi ake kira, don haka ka haddace taka. In an yi dogon jinkiri ko an soke tashi, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, tana da jami'an kare haƙƙin fasinja, kuma sashe na 19 na dokokinta ya tanadi abin da ya hau kan kamfani, daga abin taɓawa har mayar da kuɗi. Riƙe katinka da rasit, su ne hujjarka.

In wani uzuri ya hana ka tafiya, kira kamfani ko ejan kafin lokacin tashi a ɗage. Wanda bai zo ba kuma bai sanar ba, kwamfuta takan soke masa sauran zangunan har da na dawowa, ko da ya bi wata hanya ya isa can.

Dawowa ma haka ake bi daga farko. Kwana uku kafin kawu ya baro Madina na shiga shafin daga nan Katsina na duba masa, jajibiri na yi masa cekin na tura katin ta waya, na kuma kira na nanata masa cewa lokacin da ke jiki na agogon can ne. Guntayen takardun kaya na ce ya sa a aljihun gaba na riga, kada ya yar sai jakunkunansa sun fito a Kano ya ƙirga su. In ɗaya ba ta fito ba, a teburin kamfanin da ke cikin zauren ɗaukar kaya ake cike takardar ɓata, da lambar guntun nan, tun kafin a fita wurin masu tarba.